Sai Girbi

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sambo ya dawo da buhun.

Shi da kansa ya ɗauko shi a bayan keke, ya jingine shi a kusurwar zaurena kusa da randa. Bai zauna ba. Na riga na dafa shayi, na fito da kofi biyu kamar kullum, rediyo na kan tabarma. Na ce, "Sarkin laka, yau kuma da kaya?" Ya ce, "Kayanku na, Hedimasta. Ka mai da ma masu shi." Ya juya kekensa ya fita.

Shekara sittin da 'yan kai muna tare, tun muna iyo a bakin kogin Kwara iyayenmu na bin mu da tsumagiya. Bai taɓa ce mini "ku" ba sai yau.

Irin shinkafa ne na noman rani, wanda ƙungiyarmu ta raba wa waɗanda ambaliyar Satumba ta cinye wa gonaki. Ni ba manomi ba ne, ba na kuma cikin kwamiti. Aikina ɗaya ne. Duk bayan wata uku nakan rubuta wasiƙar da ake aika wa 'yan Bagudo na nesa, na Legas da Abuja da na ƙetaren iyaka, masu aiko da gudummawa, don su san abin da aka yi da ita. Wasiƙar Gida muke ce mata. Na rubuta tara. A cikin ta tara akwai hoton Sambo tsaye a gonarsa, ruwa har gwiwa, kuma a ƙarƙashin hoton akwai layi biyu da na rubuta da hannuna.

Ba zan sake rubuta su a nan ba.

Talata, 5 ga wata, la'asar

Bai zo ba. Na saurari labarai ni kaɗai, babu mai ƙaryata mai karanta su. Kofi na biyu ya huce, na shanye.

Laraba, 6 ga wata, da hantsi

Sakinatu ta biyo kafin ta wuce wurin aiki. Ita ce sakatariyar ƙungiya, ita ke buga abin da na rubuta ta tura a waya. Ni na koya mata haɗa baƙi a aji ɗaya, yanzu ga ta da 'ya'ya huɗu, ita ke yi mini faɗa.

"Baba, ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ta buɗe tukunya ta duba, ta rufe.

Daga bakinta na ji yadda abin ya faru. Abdulrashid, ɗan Sambo, wanda ke sayar da kayan mashin a Faraku, can ƙasar Benin da mu muka sani da Dahome, yana cikin zauren da suke da shi a waya inda ake tura wasiƙar. Bai ma kai ga buɗe ta ba. Surukinsa ne ya miƙo masa waya a ƙofar masallaci, gaban mutane, ya ce, "Wannan ba mahaifinka ba ne?" A daren ya kira ubansa.

Na ce, "Me ya ce masa?"

Sakinatu ta dubi buhun, ta gyara mayafi. Ban sake tambaya ba.

Sai ta faɗi abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Wasiƙa ta tara ta jawo gudummawar da takwas ɗin baya ba su jawo ba. Alhaji Atiku, shugaban ƙungiya, ya ji daɗi ƙwarai. Yana son ta goma kafin wata ya ƙare, irin ta tara sak, da hotuna uku.

Na tambaye ta kwana nawa suka rage wa mai son noman rani. Ta ce duk wanda bai jiƙa iri ya zuba reno ba kafin ƙarshen watan nan, dashensa zai makara, zafi ya riski shinkafar tana fure. Irin Sambo na gida ya tafi tare da rumbunsa. Ba shi da wani sai wannan da ke jingine kusa da randata.

Alhamis, 7 ga wata, bayan asuba

Na ga kashin ɓera kusa da buhun. Na ɗora shi a kan bulo biyu. Sau uku ina hutawa.

Juma'a, 8 ga wata, bayan an sauko

Shekara da shekaru kafaɗa da kafaɗa muke a sahu na biyu, gefen taga. Yau ya koma wajen ƙofa. Da aka sallame na ja ƙafa na isa gare shi. Ya ba ni hannu, don ba a hana hannu a masallaci, amma idonsa na kan takalmansa.

Na ce, "Sambo."

Ya ce, "Lahiya lau," tun kafin in tambaye shi lafiya.

Ya rame. Ko kuwa dama haka yake, ni ne ban duba ba.

Asabar, 9 ga wata, da rana

Na fito da wasiƙun tara daga akwatin matata Saratu, inda nake ajiye abin da nake so. Tun da ta rasu ban taɓa shimfiɗa takardu a kan gadonta ba sai yau.

Ba na ƙarya, ina alfahari da su. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa wasiƙa gida ce mai ƙofa da zaure da tsakar gida, ba a faɗa mata ta katanga. Kowace na buɗe ta da gaisuwa ga masu girma, kowa da muƙaminsa, sannan godiya, sannan addu'a, sannan labari. Babu inda na ci gyara, ko waƙafi ɗaya.

Na kai ga ta tara. Na daɗe ina kallon hoton. Ranar da aka ɗauke shi ina tsaye a kan tudu, ina yi masa ba'a cewa ya zama ɗan ruwa, shi kuma yana dariya. An ɗauki guda biyar. Wanda ba ya dariya a ciki na zaɓa.

To, bari in rubuta, ko zuciyata ta sauka. Na ce: "Dattijo Sambo, wanda ya wayi gari ba shi da ko ƙwaya, yana cikin waɗanda suka amfana da sadakarku."

Sadaka. Ita ce. Har yanzu ban ga ƙarya a ciki ba, wannan shi ke damuna.

Litinin, 11 ga wata, bayan azahar

Na hau mashin zuwa shagon Iyabo, Maman Dolapo, wadda ke fitar mana da kwafin wasiƙa don waɗanda ba su da babbar waya. Shekara talatin tana Bagudo, Hausarta ta fi ta wasu jikokinmu. Ita ma takan ba da gudummawa. Na je ne ta buga mini takardar ban haƙuri zuwa ga Sambo.

Ta karanta, ta ajiye tabarau. "Baba Hedimasta, wa zai karanta masa? Mutumin da bai san boko ba. Ko kana so wani na uku ya sake jin maganar?"

Ban yi wannan tunanin ba.

Ta sa aka kawo mini kujera da ruwa. Da na ga ta sake, sai na tambaye ta abin da ban taɓa tambayar kowa ba, ko yaya take ganin wasiƙuna.

"In faɗi gaskiya, ko in faɗi ta girmamawa?"

"Ta gaskiya."

"Daga shafin ƙarshe nake farawa." Ta yi dariya har ta dafa injin. "Baba, shafi biyu kana gai da masu girma. Ni ba mai girma ba ce, mai kwafi ce. Abin da nake so in sani bai wuce uku ba. Abin da na bayar ya isa? Wa ya shuka? Ya tsiro? In kana son wani abu kuma, ka faɗa mini shi ɗaya tak, ka ce kafin yaushe. Ta tara ce kaɗai na karanta duka, don akwai mutum a cikinta. Har na share ido."

Na fara jin sanyi a raina. Sai ta ce, "Amma ka tambaye shi kafin ka sa?"

Na ce, "Abokina ne."

Ta ce, "Shi ya sa ba ka tambaye shi ba. Da baƙo ne, da ka nemi izini."

Ba ta buga takardar ba. Na dawo da ita a aljihu.

Talata, 12 ga wata, da safe

Na sake rubuta ban haƙurin da ajami, wanda Sambo ke iya karantawa. Rabona da shi tun makarantar allo. Baƙaƙen sun fito kamar sawun kaji. Na ba Sakinatu ta kai.

Laraba, 13 ga wata, kafin magariba

Ta dawo da takardar. An buɗe ta, an ninke ta da kyau. Ta ce ya karanta sau biyu, sannan ya ce ta gaya mini: "A kasuwa yat tuɓe min riga, a ɗaka shika son mai do min da ita?"

Yana da gaskiya. Amma in na nemi gafararsa a cikin wasiƙa ta goma, sai na sake ambaton sunansa da abin da ya faru, waɗanda suka manta su tuna. In na yi shiru, maganar ta zauna. Ban ga ƙofa ba.

Saura kwana goma sha bakwai.

Alhamis, 14 ga wata, da hantsi

Alhaji Atiku ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe ni, don shi ma ɗalibina ne. Ya kawo hotuna uku. Mutum ne mai kirki, motarsa ce ta yi ta jigilar mutane ranar da ruwa ya shigo. Ya ce, "Malam, na san abin da ke tsakaninku da Baba Sambo, kuma ban ji daɗi ba. Amma gida talatin na jira, babu iri, babu man inji. Mutanenmu na birni in ba su ga abin tausayi ba, hannunsu ba ya motsi. Ni ban ƙirƙiri halin mutane ba."

Na ce ya ba ni mako guda.

Da ya tafi na jera hotunan. Ɗaya na Mansura ce, matar marigayi mai gyaran fitila, tana riƙe da kwano wofi. Wa ya ce ta riƙe kwanon? Na ɗauki alƙalami. Duk ta inda na biyo, sai in tarar da kalmar nan tana jirana.

Juma'a, 15 ga wata

Ban je masallaci ba. Zazzaɓi.

Asabar, 16 ga wata, da rana

Sakinatu ta kawo magani, ta yi faɗa. Buhu na nan.

Lahadi, 17 ga wata, la'asar

Na ji motsi a zaure, ban iya tashi ba. Da na lallaɓa daga baya, na tarar da kwano a rufe da faifai, a kan buhun. Romon kifi ne, da ɗumi, an cire ƙaya. Kwanon mai shuɗin baki ne, wanda ya ɓare a gefe ɗaya. Na san shi. Na fi shekara talatin ina cin tuwo a cikinsa a gidan Sambo.

Babu saƙo. Na shanye duka, har na sa yatsa.

Litinin, 18 ga wata, da safe

An sake kawowa. Zufa ta karyo.

Talata, 19 ga wata, bayan azahar

Yau na samu ƙarfin wanke kwanukan. Ba a mayar da kwano wofi, don haka na zuba sukari a ɗaya, ganyen shayi a ɗaya. Ina cikin ɗaurewa sai hannuna ya tsaya.

Da a ce wani ya shigo shekaranjiya ya ɗauki hotona a kwance, ya rubuta a ƙarƙashi cewa ga tsohon Hedimasta, wanda ba shi da kowa, yana shan romon sadaka, ya aika wa duk yaran da na koyar. Da ya yi ƙarya? Ba ni da kowa a gidan nan, kuma ban saya ba. Amma wallahi da na gwammace yunwa. Romon nan ba sadaka ba ne, don kwanon zai koma.

Sai na ɗauko ɗan littafin da nakan rubuta abin da mutane suka faɗa ranar rabo, don in samu na sa wa a wasiƙa. Wannan ya ce Allah ya saka, wancan ya ce mun gode. A gaban sunan Sambo kalma biyu ce kawai: "Sai girbi."

Na tuna. Ya ɗora buhun a keke, ya dubi Alhaji Atiku, ya ce, "Sai girbi." Na ɗauka ban kwana ne, irin sai anjima, sai gobe. Har na yi mamakin bai yi godiya ba. Na duba sauran shafin. Mutum huɗu ne suka faɗi haka, duka dattawa.

Ina ɗan shekara tara ruwa ya taɓa cinye gonar mahaifina. Ya riƙe hannuna muka je gidan mahaifin Sambo. Aka auno masa iri, ya ɗora a kai, ya ce, "Sai girbi." Mahaifin Sambo ya ce, "Allah ya kai mu." Ba godiya, ba durƙuso. Da kaka ta yi ni aka ɗora wa ƙwaryar muka mayar, an cika ta har tana tozo. Iri a wurin manomi ara ake yi. Wanda ya karɓa bai mayar ba, shi ne ya sauka daga sahun manoma.

Ni ɗan manomi ne. Shekara arba'in na alli suka shafe mini kalma biyu.

Alhamis, 21 ga wata, kafin la'asar

Na je fadama. Sakinatu ba ta sani ba. Mai mashin ya tafi da ni a hankali kamar yana ɗauke da ƙwai, duk da haka kowane rami sai da na ji shi a ƙugu.

Na hango shi daga nesa, shi kaɗai da fartanya, yana gyara kunya a gonar da babu abin zubawa a cikinta. Har ya share wurin reno ya daidaita. Da na ga haka sai gabana ya daina faɗuwa.

Na sauka tudu da sanda, laka ta kama takalmina ɗaya ta riƙe. Ya ɗago ya gan ni tsaye da ƙafa ɗaya.

"Kai! Wa yab bar ka ka hito? Mutuwa kaka nema a gonata, a ce ni nik kashe ka?"

Ya zo ya kama ni, ya zaunar da ni a kan kunya, ya zaro takalmin ya wurgo mini. Sannan ya tuna yana fushi, ya juya baya.

Na ce, "Ka ce sai girbi."

Bai juyo ba.

"Ranar rabo. Na rubuta a littafi, ban gane ba. Shekaranjiya na gane."

"Shekaranjiya." Ya soke fartanya a ƙasa. "Awo. Shekara arba'in kana bugun ɗiyan mutane don ba su gane karatu ba, kai kalma biyu ta ɗauke ka wata guda. Da ɗan wani gari na yar rubuta, Attahiru, da ban kula ba. Amma kai? Kai da kad ɗauko ƙwaryar ubanka zuwa gidanmu?"

Ya kira sunana. Na ce, "Na yi kuskure."

"Ɗana yak kira ni, yat tambaye ni..." Ban cika masa ba. Wata balbela ta sauka kusa da mu ta tashi.

Na ce, "Ban san yadda zan gyara ba. Na iya rubutu, amma ban san abin da zan rubuta ba. Kai ka faɗa, ni in rubuta. Ba ban haƙuri ba. Ka gaya musu yadda ake aron iri."

"Su na birni? Sun san shinkafa cikin kwano dai."

"To ka koya musu."

Ya zauna nesa da ni kaɗan. Ya gindaya sharuɗɗa uku. Ba za a tura kome ba sai an karanta a gaban waɗanda maganar ta shafa. Hoto shi zai zaɓa. Kuma buhu zai zauna inda yake sai maganar ta isa Faraku.

Na ce, "Saura kwana tara."

Ya ce, "Sai ka rage gaisuwa."

Ashe shi ma ana karanta masa.

Asabar, 23 ga wata, bayan azahar

An taru da safe a gindin tsamiyar bakin fadama, manoma kusan ashirin, da Alhaji Atiku da Sakinatu. An kawo mini kujera. Na karanta abin da muka shirya jiya ni da Sambo a ƙofar gidansa. Shafi ɗaya ne. Ban taɓa rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya ba, sai nake jin kamar na fito ba hula.

Tun a layin farko aka tare ni. Na rubuta "manoma masu rauni". Mansura ta ce daga bayan taro, "Malam, wa ke da rauni? Ni kaɗai na dasa kadada bara." Aka yi dariya, na soke. Ta ce kuma a cire hoton kwanon nan, ai ce mata aka yi ta riƙe, tuwonta na kan wuta a lokacin.

Alhaji Atiku ya jira aka gama. Ya ce shi abu ɗaya ke damunsa. Masu aikowa lada suke nema. In aka ce musu aro ne, sai su ce to ba mu aka nufa ba, su janye.

Sambo ne ya ce, "Alhaji, a gina rumbun iri, su ba rumbu sadaka. Rumbu ba ya jin kunya. Mu mu ara daga rumbu, mu mai da, wani ya ara baɗi. Buhu guda ya yi ta yawo, lada tana bin mai shi har kabari. Wa zai ƙi wanga ciniki?"

Sakinatu ta ce, "Baba, rubuta, rubuta kafin ya canza." Na rubuta yadda ya faɗa, ban gyara masa Hausa ba.

Ga yadda ta fara yanzu:

"Ɗan'uwa, 'yar'uwa, irin da ka taimaka aka saya ya iso hannun manoma, wasu har sun zuba reno. Mun gode maka. A wasiƙar da ta wuce ni mai rubutu na kira shi da sunan da ba nasa ba. Ga Malam Sambo, wanda ya shekara hamsin yana noma fadamar nan, zai gaya maka sunansa na gaskiya."

Daga nan maganar Sambo ce har ƙasa. A ƙarshe roƙo ɗaya: gida talatin na jiran iri kafin wata ya ƙare, kuma za mu gina rumbun da zai karɓi abin da aka mayar.

Hoton da ya zaɓa shi ne wanda yake dariya.

Alhaji Atiku ya ce, "Mu gwada. In hannu bai motsa ba, Malam, kai da abokinka za ku bi gida gida." Sambo ya ce, "Wanga? Sai dai in goya shi."

Litinin, 25 ga wata, da hantsi

Sakinatu ta tura. Iyabo ta fitar da kwafi, ta aiko a gaya mini wannan karon daga sama ta fara.

Talata, 26 ga wata, la'asar

Shiru. Na share zaure sau biyu.

Laraba, 27 ga wata, bayan azahar

Sakinatu ta shigo ko sallama ba ta gama ba. Ta zauna a bakin tabarma tana karanta mini daga waya. Wani a Legas ya ce wasiƙar ba ta taɓa zuciya kamar ta baya ba. Wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Wata likita a Abuja, 'yar Zagga, ta ce kakanta ma haka yake faɗa, ta manta sai yau, kuma kwanon rufin rumbu nata ne. 'Yan Kende mazauna Kwatano sun tambaya ko za a yi musu irinsa a garinsu. Abin da ya shigo bai kai na ta tara ba. Alhaji Atiku ya ce zai ishi gida ashirin, sauran goma ana nema, kuma bai fid da rai ba.

Na ce, "Faraku fa?"

Ta ce, "Shi na ajiye maka a ƙarshe." Ta miƙo wayar kusa da idona. Abdulrashid ya sake tura hoton a zauren, inda surukinsa da kowa ke gani, ya rubuta layi ɗaya a ƙarƙashi: "Wannan mahaifina ne."

Na ce ta duba mini tukunya, ina jin kamar wani abu na ƙonewa. Babu kome a kan wuta. Ta tashi ta je, ta daɗe.

Alhamis, 28 ga wata, bayan la'asar

Na ji ƙarar kekensa tun daga kan kwana, sarƙar nan da ya ƙi sa wa mai tun bara.

Ya shigo, ya duba buhun, ya zura hannu ya ɗebo ƙwaya ya ciza. Ya ga bulon da na sa. Ya ce, "Kai kad ɗaga wanga? Da wane ƙarhi?" Na ce ɓera ne ya taya ni.

Ya zauna. Na zuba kofi biyu. Mai labarai ya ce an kammala shirin noman rani a faɗin jiha, Sambo ya ce, "Ƙarya kakai, yau ni ka jiƙa nawa." Ya ce shayin ya yi sukari da yawa. Na ce daga wanda na zuba masa a kwano na rage.

Da ya tashi na kama masa gindin buhun, ko da yake na san shi kaɗai ya ɗaga. Ya ɗaure shi da roba a bayan keke. Ya riƙe kan keken, ya dube ni sosai, irin duban da bai yi mini ba tun farkon wata.

Ya ce, "Sai girbi."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Ya ce, "Shinkafa za ta kai, ban da shakka. Kai nika tsoro. Wa zai rubuta musu an mai da buhu in ka sulale? Ka ci abinci, Hedimasta."

Girbi sai watan Afrilu. Na leƙa kusurwar, bulo biyu ne kawai da 'yan ƙwayoyin da suka zube. Na tsince su na sa a kofinsa. Sannan na ɗora tukunya.